Na Riƙe Saƙon Gida Ina Jiran 'Yan Majalisar Amurka

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda zai karanta. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuta ta, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru shekarata shida a Riyadh, matar gida ce ni, karatuna ya tsaya a sakandare. Muna zaune a hawa na biyu na wani gida a unguwar Suwaidi, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara bakwai. Duniyata ba ta wuce kicin, dardumar salla, da tagar da nake leƙa motar makaranta ba. Saboda ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ba na jin waya in tana ringi, don haka na saba jefa ta cikin wani kwanon silba a kan firiji. In kira ya shigo sai kwanon ya ɗauki kaɗawa, kirrr, kamar an saki ƙwaro a ciki. Wata safiya ina yanka albasa kwanon ya fara wannan kaɗawar. Na goge hannu a zani na ɗauka, sai na ga yayar maigidana ce daga gida, wadda 'yata ke kira Goggo.

Muka gaisa. Sannan ta ce Hajiya, wato mahaifiyarsu, ta faɗi a banɗaki kwana uku da suka wuce, bakinta ya ɗan karkace amma ya dawo daidai. Likita ya keɓe ita Goggon ya ce mata hawan jini ne ya yi gargaɗi, kuma irin wannan in ya sake dawowa ba ya zuwa da sauƙi, duk wanda ke nesa gara ya zo. Ta ce Hajiya ta hana a gaya wa autanta, wato maigidana, wai kada a tayar masa da hankali yana ƙasar mutane, amma kuma ita Hajiyar ce ke ta maimaita cewa akwai maganar da take so ta yi da shi baki da baki, ba ta waya ba. Goggo ta ce ita ba za ta iya tsallake umarnin uwa ba, amma ni ba a hana ni ba. Ta ce ni ce nake ganin fuskarsa safe da yamma, ni na san lokacin da ya dace, ta ɗora mini. Na ce mata in sha Allahu yau ɗin nan. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Bari in faɗi halin da muke ciki a lokacin, ba don in wanke kaina ba. Maigidana shi ne shugaban direbobi a wani kamfani da ke ba manyan baƙi hayar motoci. Shekararsa biyu bai taka gida ba. Ana cikin haka aka ce wata tawagar 'yan majalisar dokokin Amurka za ta zo ziyara, kuma kamfaninsu ne zai ba da wasu daga cikin motocin. Mudir, wato manajansu, ya zaɓe shi ya jagoranci aikin saboda yana jin Turanci kuma ya san garin kamar tafin hannunsa, ya kuma yi masa alkawarin da zarar baƙin sun tashi zai sallame shi hutun wata biyu. Ban taɓa ganinsa da murna irin ta lokacin ba. Har sabon takalmi ya sayo a kasuwar Batha ya ajiye a kwali, yana hana 'yarmu taɓawa. To, saura 'yan kwanaki su zo, sai ya dawo ya ce an ɗaga tafiyar, wai an rufe gwamnatin Amurka. Na tambaye shi da kwaɗo ko da sakata, ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce 'yan majalisar ne suka kasa daidaitawa kan kuɗin da gwamnati za ta kashe, kuma a can in ba su sa hannu ba, ofisoshi da yawa tsayawa suke yi, ma'aikata su zauna a gida ko su yi aiki ba albashi. Baƙin ba za su taso ba sai an warware, kuma mudir ya ce kowa ya zauna cikin shiri, don ana buɗewa za a iya cewa ga su nan.

Ranar da Goggo ta kira, kwana huɗu ke nan da rufewar. Da yamma maigida ya shigo, na zuba masa abinci, na zauna a gefensa da maganar a bakina. Sai ya fara ba ni labarin yadda mudir ya yabe shi gaban sauran direbobi, ya ce in aikin nan ya yi kyau sabunta iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ni da yarinya ba zai zama abin jan rai ba kamar bara. Na kalli kwalin takalmin nan a ƙarƙashin kujera. Na ce a raina, in na faɗa masa yanzu, na san shi, gobe zai je ya ce a sake shi, mudir ya ba wani aikin, shekara biyu na haƙuri su tafi a banza. Na ce bari in kwana, in ji abin da rediyo zai ce da safe.

Da safe kuwa, bayan na sallami yarinya, na kunna labaran Hausa a waya. A nan na ji abin da ya ɓatar da ni. Mai rahoton ya ce akwai ƙa'idojin da ake magana a kai game da su kansu 'yan majalisar muddin gwamnati na rufe: ba za su bar babban birninsu ba, ba hutu, ba tafiye-tafiye da kuɗin gwamnati, kullum sai an kira suna kowa ya amsa, har da batun a riƙe musu albashi sai sun daidaita. Ina wanke-wanke nake saurare, ruwa na zuba, ban ji farkon maganar ba. Amma abin da na ji ya shige ni nan take, domin na san shi tun ina yarinya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne mai sulhu a unguwarmu. In mutum biyu suka yi rikicin iyakar gona ko na gado, zai shigar da su zaure, ya sa a kwashe takalmansu a kai cikin gida wajen mahaifiyata, ya ce ba mai ganin takalminsa sai an yi musafaha. Ni ce ma nake kwasar takalman wani lokaci. Ban taɓa ganin wanda ya wuce la'asar ba. Sai na ce a raina, ashe Turawa ma sun san wannan dabarar. An kwashe musu takalma, an riƙe musu albashi, babba da babba ba zai jure haka fiye da kwana uku ba. Su daidaita, baƙi su zo su yi kwana huɗu su tafi, cikin mako biyu maigida yana gaban Hajiya da hutunsa a hannu da mutuncinsa wurin aiki. Na ga kamar Allah ne ya nuna mini hanyar da ba wanda zai yi asara. Na kira Goggo na ce ta ƙara mini 'yan kwanaki kaɗan. Ta ce to, ni na fi sanin can.

Daga ranar na zama wata iri. Ni da ban san sunan ɗan majalisar mazaɓarmu ba, na koma bin labarin majalisar wata ƙasa da ban taɓa gani ba. Kowace safiya sai in ji an ce an kaɗa ƙuri'a, ba ta wuce ba, za a sake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar da aka ce waɗanda suka yarda sun fi waɗanda suka ƙi yawa, amma duk da haka abin ya faɗi, wai akwai wani adadi da sai an kai. Na ajiye ludayi na ce wannan wane irin lissafi ne, a makaranta ba haka aka koya mana ba. Wata rana a ce majalisar biyu ce, ɗaya ta gama nata tana jiran ɗaya. Wata rana a ce wasu daga cikinsu sun ce a riƙe albashinsu don tausayin ma'aikata, sai in ce to ba an riga an riƙe ba? Ban tsaya na bi wannan tambayar ba, domin ba na son amsarta. Bayan kowace salla ina ɗaga hannu in yi wa Hajiya addu'ar lafiya, sannan in ƙara da cewa Allah ya daidaita tsakanin mutanen nan, ya sanyaya zukatansu. Har azumin Litinin da Alhamis na yi da wannan niyyar a ciki.

Maƙwabciyata ta ƙasa, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da nake kira Iya, ita ta fara lura. Ta hau sama aron turmi ta same ni na kafa kunne a waya, ta ce 'yar Najeriya, ko takara za ki tsaya ne, in haka ne ita tana son kujerar ministar tattasai. Na yi dariyar yaƙe, sannan na kasa riƙewa na gaya mata komai. Fara'arta ta ɗauke. Ta ce ita ba ta san Amurka ba, ko a taswira ba za ta nuna ta ba, amma ta san tsohuwa, kuma tsohuwar da ta ce tana da magana ba a sa mata rana. Na shiga yi mata bayanin ƙa'idojin, na kawo mata labarin takalman zauren babana. Ta ce babanki ya san mutanen da yake kwashe wa takalma, ya san iyayensu, su kuma suna jin kunyarsa. Waɗannan kunyar wa suke ji? Ta ɗauki turminta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce in gaya masa yau, in kuma ba zan iya ba ta aiko Malam, mijinta, ya gaya masa a masallaci. Na roƙe ta da Allah kada ta yi. Ta ce amana ce a wuyana, ba a nata ba.

A cikin kwanakin nan ne na buɗe jakar makarantar 'yata na tarar da takardar da malamarsu ta ba ta ta kawo mana, ta kwana uku a ciki har ta yamutse. Na yi mata faɗa fiye da kima, na ce saƙo amana ne, saƙo ba ya kwana a jaka, duk wanda aka aika ya isar kafin ya cire takalmi. Ta yi kuka tana ba ni haƙuri da Larabci, don in ta ruɗe Hausarta guduwa take. Na rarrashe ta da biskit. Ko kaɗan ban ji nauyin abin da bakina ya faɗa ba.

Duk Juma'a bayan masallaci maigida yana kiran Hajiya. Juma'a biyu ina tsaye a ƙofar kicin ina jin yadda take tattaro ƙarfinta ta yi masa magana a taƙaice, ta sa masa albarka, ta ce yaushe za ka zo. Shi kuma ya ce saura ƙiris, Hajiya, wasu baƙi nake jira. Ta ce Allah ya kawo su lafiya. Da ya ajiye ya ce mini muryarta kamar ta mai mura, na ce ai lokacin ne. Wannan kalmar tana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu har yau, domin daga nan shiruna ya zama ƙarya.

Kwana goma sha tara da kiran Goggo, muna cin abincin rana ranar hutunsa, na ce masa cikin dabara, ni dai mutanen nan suna da taurin kai, an tsare su a gari ɗaya, an hana su albashi, amma sun ƙi daidaitawa. Ya ɗago ya dube ni ya ce wa ya tsare su? Na ce ba ƙa'ida ba ce? Ya ce a'a, wannan shawara ce wasu daga cikinsu suka kawo, takarda ce kawai a kan tebur, kuma kusan duk lokacin da aka yi irin wannan rufewar sai wani ya kawo irinta. Kafin ta zama doka sai su ɗin dai sun zauna sun amince, kuma wa zai ɗaure kansa da kansa? Ya ce albashinsu na tafiya yadda ya saba, sai wanda ya ga dama ya ce a riƙe nasa. Ya ce ai ɗaya majalisar ma ba ta zama, an sallame su, kowa na garinsu cikin iyalinsa. Ya ci gaba da cin abincinsa yana cewa a wurin aiki har sun daina lissafi, direbobi sun koma cewa bukura in sha Allah, wato sai gobe.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na ajiye lomar da ke hannuna. Wato su suna gidajensu, mai uwa yana ganin uwarsa, ni kuma na tsare nawa mijin a nan ina jiransu. Ba wanda ya kwashe takalmin kowa. Ni kaɗai na gina zauren a cikin kaina, na shigar da su, na zauna a bakin ƙofa ina gadi.

Mai karatu zai ce to a nan sai ki faɗa masa. Haka ya kamata. Amma yanzu abin ya zama biyu: in na ce Hajiya ba lafiya, zai ce tun yaushe, kuma sai na ce kwana goma sha tara. Kunya da tsoro suka rufe ni. Na ce bari in kira Goggo mu shirya ta kira shi da kanta kamar yau abin ya faru. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar, don wannan ma wata ƙaryar ce zan jawo baiwar Allah ciki. Na yi alwala na yi nafila, na tashi ban san abin da na karanta ba. Haka na ƙara kwana biyu. A rana ta uku da hantsi, ina shanya, kwanon silba ya ɗauki kaɗawa a kan firiji. Tun kafin in kai hannu jikina ya ba ni. Goggo ce, tana kuka, ta ce abin ya dawo da asuba, suna asibiti, Hajiya tana numfashi amma ba ta magana.

Na kira shi a wurin aiki na ce ya zo gida. Da ya shigo na durƙusa a gabansa na faɗi komai, tun daga kiran farko har takalman zauren babana. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, kwana nawa. Na faɗa. Ya maimaita adadin a hankali, ya ɗauki makullin mota ya fita. Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne abin da ya biyo baya: mudir ɗin da na yi ta jin tsoro, da ya ji uwa ce, ko zama bai bari ya yi ba. Ya ce me ya sa bai faɗa tun farko ba, baƙin da ba a san ranar zuwansu ba, ai ko sun zo akwai mai riƙewa. A ranar aka fitar masa da bizar fita da dawowa. Washegari ya tashi. Takalmin yana nan a kwalinsa, da tsohon takalminsa ya tafi.

Ya tarar da Hajiya da rai. Ta gane shi, ta riƙe hannunsa da hannunta na hagu, bakinta na motsi, hawaye na zuba, amma kalma ɗaya ba ta fita ba. Ya zauna da ita sati bakwai yana ba ta abinci a baki. Ya tambayi Goggo, ya tambayi ƙanwar Hajiya, ko akwai wanda ta gaya wa maganar da take son yi da shi, babu. Bayan ya dawo da wata uku Allah ya karɓi abarsa. Gwamnatin can kuwa an buɗe ta yana gida, bayan ta haura wata a rufe, kuma baƙin ba su zo ba sam, an soke ziyarar.

Maigidana mutumin kirki ne, muna tare har yanzu. Ya ce ya yafe, ya ce ciwo da ajali ba a hannuna suke ba, kuma ba wanda ya san ko da ya je da wuri za ta faɗa. Amma wata rana ya ce mini abu ɗaya ne ya tsaya masa: da na gaya masa, wataƙila shi ma ya zaɓi ya jira baƙin, amma da shi ne ya zaɓa, uwarsa ce. Wani lokaci in na gan shi ya yi shiru bayan salla, na san abin da yake tambayar kansa, kuma na san ba mai amsa masa.

'Yan'uwana mata, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane, da yawa ta wayarmu labarin gida ke shigowa kafin ya kai ga mazajenmu. Ana ba mu ne don a isar cikin taushi, ba don mu yanke hukunci ba. Ni tausayi ne ya kai ni, ina so in tsare masa aikinsa da farin cikinsa, sai na hana shi abin da ba ya dawowa. Kuma ku yi hattara da guntun labari. Rabin magana na ji ta cikin ƙarar famfo, na cike sauran da abin da na sani na gidanmu, na ɗauki abin da ake shawara a kai a matsayin abin da ya riga ya tabbata, ban tambayi mutumin da nake zuba wa abinci kullum ba, don ina tsoron kada tambayar ta tona ni. Har yau ban gama fahimtar yadda majalisar nan take aiki ba, kuma na daina ƙoƙari. Abin da na sani shi ne manyan duniya suna da lokacin jayayya, tsofaffinmu ba su da shi.

Ranar da maigida ya tashi, bayan mun dawo daga rakiya, na zauna a kicin ina kuka. Ashe 'yata ta ji duk abin da na faɗa wa babanta ranar da na durƙusa. Ta zo ta tsaya kusa da firiji, ta daɗe tana kallona, ba fushi a fuskarta, neman fahimta kawai take. Ta haɗa Hausarta a hankali don kada ta kuskure, ta ce:

"Umma, ba ke kika ce saƙo ba ya kwana a jaka ba?"